Daga Jinga zuwa Teburin Ganawa: Tarihin Cinikin Albashi a Arewacin Nijeriya

Tambayar da masu ɗaukar aiki kan jefa wa mai nema a ƙarshen ganawa, wato nawa yake son a riƙa biyansa a wata, baƙuwa ce a ƙasar Hausa, ko da yake ciniki a kan ladan aiki ya daɗe a cikinta. Tun kafin zuwan Turawa akwai hanyoyi biyu da mutum kan yi wa wani aiki ba tare da bauta ba, kuma kowace da ladabinta. Ta farko ita ce ƙwadago, wanda galibi ake yi bisa jinga, wato yanke kuɗin aikin gaba ɗaya kafin a sa hannu: mai gona kan zaga da ɗan ƙwadago su ga faɗin wurin da ƙarfin ciyawarsa, ya taya, wancan ya ce albarka, a yi ta ƙari har ya sallama. Ta biyu ita ce barantaka, inda bara ke zaune ƙarƙashin ubangidansa, attajiri ne ko basarake, ba tare da wani adadi da aka yanka masa ba, sai dai ci da sutura, da rigar salla, da ɗaukar nauyin aurensa, da jarin da za a sallame shi da shi idan ya yi biyayya. A nan tambayar lada rashin kunya ce, domin tana nuna yaron bai amince da adalcin maigida ba.

Albashi, ma'ana kuɗin da ake biya wata-wata bisa muƙami, ya samu gindin zama ne da kafuwar Baitulmali a masarautu, tsarin da aka fara a Katsina a wajejen 1910 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, inda aka mayar da sarakuna da hakimai da alƙalai masu karɓar tsayayyen albashi daga harajin da aka tara. Sai dai shiga aikin En'e, wato hukumar gargajiya, bai bi ta hanyar ganawa ba, domin sarki ne ke naɗawa, kuma sanin asalin mutum ya fi takardarsa nauyi. Waɗanda suka fito daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ko Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, tura su ake yi inda ake buƙata, malanta ko akawu, kuma abin da aka rubuta wa muƙamin shi ne rabonsu. Leburorin haƙar kuza a Jos da na hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911 ma ba su da bakin ciniki, don ɗan kwangila ko helima ne ke faɗin kuɗin yini.

Ganawa irin ta zamani, wadda mutane suka fi kira intabiyu, ta bazu ne a shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauki manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa, aka kuma kafa hukumar ɗaukar ma'aikata mai zaunar da kwamiti don tantance masu nema. Abin lura shi ne, kwamitin kan tambayi makarantar da mutum ya yi da lardin da ya fito, amma ba ya tambayarsa farashinsa, tun da jadawali ya riga ya yanke. Cinikin albashi a wancan zamani na taro ne, ana yinsa ta bakin ƙungiyoyin ƙwadago da yajin aiki, kamar na gama-gari na 1945 kan tsadar rayuwa da na 1964 kan rahoton kwamitin Morgan na duba albashi. Ƙololuwar wannan tsari ita ce kwamitin Jerome Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974, ya tsara aikin gwamnati a matakai 17, aka kuma biya ƙarin tare da ariyas, wato bashin watannin baya, a farkon 1975. Kasuwanni suka cika da masu sayen rediyo da babura, farashi ya tashi, ma'aikatan kamfanoni su ma suka tayar da ƙayar baya sai an ba su nasu Udojin. Tun daga nan ya zauna a zukatan iyaye cewa takardar digiri tana da farashi sananne, mataki na 8, kuma gwamnati ce ke faɗinsa.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 a zamanin Janar Ibrahim Babangida ne ya fara warware wannan tabbaci, domin darajar naira ta faɗi, an taƙaita ɗaukar aiki a gwamnati, masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano kuma suka yi ta raguwa har da yawansu suka rufe a farkon shekarun 2000. Guraben da suka maye gurbinsu, a bankuna da kamfanonin sadarwa da suka shigo a 2001, da makarantu da asibitoci masu zaman kansu, ba su da jadawali ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu na kwantiragi ne ta hannun wani kamfani na uku. Nan ne tambayar nawa ake so ta samu wurin zama, ta kuma tarar da matasan da tarbiyyar gida ta koya musu kawaici irin na bara, makaranta kuma ta koya musu jiran jadawali, ga shi babu dillali a tsakani da zai sasanta kamar yadda ake yi a kasuwar shanu. Amsar da aka fi ji, cewa duk abin da aka bayar ya yi, ladabi ce a kunnen Bahaushe, amma a wurin mai ɗaukar aiki sallamawa ce tun kafin a taya.

Saɓanin ya ƙara faɗi saboda ma'aunan da ɓangarorin biyu ke riƙe da su sun rabu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024 bayan cire tallafin man fetur, amma dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, waɗanda su ne mafi yawan masu ɗaukar aiki a garuruwa. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da suka cika Maiduguri sakamakon rikicin Boko Haram kuwa sun kafa wani ma'auni na sama, tun da kasafinsu da dala ake yinsa. Matashin da ya gama hidimar ƙasa yana karɓar alawus na naira 77,000 yakan shiga ofishin mai makarantar kuɗi da wannan adadi a ransa, ya lissafa kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa, sai a ambata masa abin da bai kai alawus ɗin ba, a kuma ƙara masa da cewa akwai wasu a waje suna jiran a kira su.