Wa ke da alhakin kwashe shara a biranen Nijar?

A dokar Nijar, kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne, wato meri. Ba aikin gwamna ba ne, ba kuma na minista ba. Kundin dokokin ƙananan hukumomi, doka mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010, ya sanya tattara sharar gidaje, fitar da ita daga gari da sarrafa ta cikin ayyukan kwamin, tare da ruwan ƙazanta da ruwan sama da ke bi ta magudanai. Kundin ya kuma ba magajin gari ikon tsawatawa a kan duk abin da ya shafi tsabtar gari.

Ƙasar na da kwamin 255: 214 na karkara, 37 na birni, sai manyan birane huɗu masu matsayi na musamman tun 2010, wato Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa. An raba waɗannan huɗun gunduma-gunduma: biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maraɗi, biyu a Tawa. Wannan rabo kan ruɗa mutane. Mai koke yakan tafi ofishin gundumarsu saboda shi ne kusa da gida, alhali babban asusu da motocin aiki suna hannun hukumar birni, ita ke ba gundumomi kasonsu.

Gwamnatin ƙasa ma tana da nata ɓangaren, amma na shimfiɗa ƙa'ida ne da sa ido. Dokar tsabtar jama'a ta 2 ga Maris 1993 ta hana zubar da ƙazanta a kan hanya, ta kuma tanadi jami'an duba tsabta masu ikon cin tara. Babbar dokar kare muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta ɗora wa duk wanda ya samar da shara mai cutarwa nauyin kawar da ita. Shi ya sa allurai, audugar ciwo da sauran sharar gidajen likita ba su cikin kayan da mai amalanke zai ɗauka. Gidan likitan da kansa ne ya kamata ya ƙone su a murhun da aka gina don haka. Haka ma masana'antu da mahauta.

Hanyar da shara ke bi

Daga tsakar gida zuwa makwancinta na ƙarshe, shara na da zango uku. Duk mai son sanin inda matsala take, sai ya rarrabe su.

Zango na farko daga ƙofar gida ne zuwa jujin unguwa. Meri ba ta cika shiga nan ba. Yara ne, almajirai, masu kura, masu amalanken jaki, da ƙananan ƙungiyoyin matasa ko na mata masu babur mai ƙafa uku. Wasu ana biyan su a kan kowane ɗauka, wasu kuɗin wata. Wannan zango yana tafiya daidai gwargwado, domin akwai mai biya, akwai mai karɓa, kuma uwar gida tana gani da idonta ko an kwashe ko ba a kwashe ba.

Zango na biyu daga jujin unguwa ne zuwa bayan gari, kuma shi ne ainihin aikin meri. A nan abin ya fi karyewa. Yana buƙatar kamiyo, katafila mai loda, gazuwal, taya, makanike da direba, ba sau ɗaya a shekara ba, kowane mako. An tsara jujin unguwa a matsayin wurin jira na kwana biyu ko uku. Idan kamiyo ya kwanta a gareji, ko kuɗin gazuwal suka yanke, sai jiran ya zama na watanni. Tulin ya ci rabin hanya, awaki su hau kai, wani ya gaji da wari ya cinna masa wuta, hayaƙin roba ya cika unguwa da magariba. Mai amalanken da ya zo ya tarar babu wurin juyewa ba zai mayar da kayan gidan da ya ɗauko ba. Magudanar ruwa mafi kusa ko kangon fili zai nema. Daga nesa sai a ce mutanen unguwar ne ƙazamai, alhali sau da yawa sun biya kuɗin kwashewa.

Zango na uku shi ne makwancin sharar. A yawancin garuruwa tsofaffin ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne ko filayen bakin gari, ba tare da shinge, ma'auni ko rufewa da ƙasa ba. Gari kuwa yana bin su a baya. Ƙidayar 2012 ta ba Yamai mutum fiye da miliyan ɗaya, Maraɗi wajen 267,000, kuma tun daga lokacin unguwanni da dama sun tsiro a wuraren da jiya-jiya bayan gari ne.

Yashi da kuɗi

Akwai wani abu da baƙon ƙwararre kan manta: sharar Sahel tana da nauyi saboda yashi. Tsakar gida ƙasa ce, tsintsiya kuwa ba ta zaɓe. Binciken da aka yi a Yamai ya nuna yashi da ƙura kan kai wajen rabin nauyin abin da ake zubarwa. Ke nan meri na ƙona gazuwal don ta kai ƙasa bayan gari. Gidan da ke rairaye shararsa kafin ya fitar ya rage wa kamiyo kaya fiye da yadda ake zato.

Kuɗin aikin daga ina? A birane akwai lanhon da ake kira taxe de voirie a Faransanci, wanda masu unguwanni suka saba karɓa, a ba su wani kaso na ladan wahala. Ɗan kaɗan ne a kan kowane mutum, kuma ba ya shigowa yadda ya kamata. Talaka na cewa ba zai biya ba tunda ba ya ganin aiki, meri na cewa ba za ta iya aiki ba tunda ba a biya. Sai kuɗin kasuwanni da na tasha, da kason harajin da ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa ta mayar wa ƙananan hukumomi, wanda magadan gari suka daɗe suna kukan jinkirinsa. Akwai kuma hukumar ANFICT da aka kafa don isar da tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi. A 2016 gwamnati ta miƙa wa kwaminoni ƙarin iko a fannoni huɗu, ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, amma ikon ya riga kuɗin isowa. Idan albashi ya ci abin da ya shigo, gazuwal ɗin kamiyon shara na cikin abubuwan farko da ake jinkirtawa.

Bukukuwan 18 ga Disamba da aka yi ta zagayawa da su jiha-jiha, Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018, sun bar wa biranen tituna, fitilu da magudanai. Sai dai magudana gini ce ta shekara ɗaya, yashe ta kuwa aikin kowace shekara ne, kuma a wuyan meri yake.

A damina ake ganin sakamako. Ruwan 2024 ya kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasar, kuma Maraɗi na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ba daidai ba ne a ɗora wa shara duk wannan; ruwan ya wuce misali, kuma an yi gine-gine a kan hanyoyin ruwa. Amma magudanar da leda da yashi suka toshe ba ta ɗaukar ko da ruwan da aka gina ta dominsa. Ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne, daidai lokacin da masassarar cizon sauro ke cika gidajen likita da yara.

Leda

Doka mai lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamba 2014 ta haramta ƙera, shigowa, sayarwa, ajiyewa da amfani da leda marar kauri a Nijar. Wanda ya shiga kasuwa ya sayi tumatir na dala ashirin ya san inda dokar ta tsaya. Tare leda a kan iyaka aikin duwan ne da ma'aikatun ƙasa, ba na meri ba, amma meri ce ke gadon abin da ya wuce. Makiyaya ma suna biya: mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin tumaki da shanu, dabbar da ta yi ta rama ba a san dalili ba.

Masu mayar da shara dukiya

Sake sarrafa shara ya daɗe a ƙasar nan, sai dai ba a ofis ake yin sa ba. Ƴan jari bola na bin unguwanni suna sayen tsohon ƙarfe da fasasshiyar roba a kan kilo, wani ɓangare kuma ya tsallaka iyaka zuwa masana'antun Najeriya. A kasuwar Katako ta Yamai, maƙera na narka gwangwani da tarkacen alminiyo su zuba tukwane, su mayar da tsohuwar tano murhu ko akwati. Tsohuwar taya ta zama takalmi ko gugan rijiya. Gorar ruwa kuwa sai ta yi rayuwa uku ko huɗu, ta zoɓo, ta mai, ta esansin bakin hanya, kafin ta isa juji. Manoman kewayen Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna kai tsohon juji gona a matsayin taki, amma yanzu leda da fasasshen kwalba sun ɓata shi, sai an tsince. A Yamai akwai ƙungiyoyin da ke narka leda su gauraya da yashi su yi duwatsun daɓen hanya.

Abin da waɗannan mutane suka fi buƙata daga meri ba shi da tsada: fili sananne inda za su ware kaya ba tare da an kore su ba, takardar shaida, da ciniki. Mai yin duwatsun daɓe na leda ba zai tsaya da ƙafarsa ba idan babban mai daɓe hanya a gari, wato meri, bai saya ba.

Wa za a tambaya yanzu?

Daga zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004 zuwa Afrilu 2024, majalisar kansiloli ce ke amincewa da kasafin kuɗin kwamin, ita ke yanke nawa za a ware wa tsabta, kuma zamanta a buɗe yake ga jama'a. A watan Afrilu 2024 hukumomin CNSP sun rusa majalisun, suka naɗa kantomomi. Aikin bai tashi daga kan ƙaramar hukuma ba, mai riƙe da shi ne ya sauya. Mazaunin unguwar da juji ya toshe musu hanya zai fara da mai unguwa, daga nan sashen tsabta na meri, sannan kantoma. Idan aka yi shiru, mai sa ido a kan kwamin shi ne prefe, a manyan birane huɗun kuwa gwamnan jiha.