Ishara da Buɗe Bakin Yara: Bahasi Kan Wata Tsohuwar Shubuha

Daga cikin shubuhohin da suka daɗe a zukatan iyaye da malamai, har ma da wasu likitoci, akwai zaton cewa yaron da aka saba masa da magana da hannu tun yana goye zai yi kasalar motsa harshe, bakinsa ya yi nauyi, domin wai abin da ya samu cikin sauƙi da yatsa ba zai wahalar da kansa ya nema da lafazi ba. Wannan zato ya taɓa zama hukunci, domin a shekarar 1880 malaman kurame na ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda kusan dukkansu masu ji ne, sun taru a birnin Milan na Italiya suka zartar da cewa a fifita koyar da furuci da karatun leɓe a kan ishara, aka kuwa shafe shekaru masu yawa ana hana yara kurame ɗaga hannu a cikin aji, kuma taron bai janye wannan hukunci a fili ba sai a zamansa na 2010 a Kanada.

Malaman Musulunci tun da can ba su raina ishara haka ba. Al-Jahiz, wanda ya yi zamani a Basra a ƙarni na uku na Hijira, ya lissafa ta tare da lafazi da rubutu cikin hanyoyin bayani a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin, fuƙaha'u kuma sun tabbatar da cewa isharar bebe, matuƙar ana fahimtarta, tana tsayawa matsayin furucinsa a ciniki da aure da saki. Sai a 1960 William Stokoe na kwalejin Gallaudet ya nuna wa masana harshe na Yamma cewa isharar kuramen Amurka harshe ce mai ƙa'idoji nata na kanta.

Hujjar da ta fi ƙarfi, a ganina, ita ce wadda Laura Petitto da Paula Marentette suka wallafa a 1991. Sun lura cewa jarirai kurame da aka haifa a gidan kurame suna gwaranci da hannuwansu, suna maimaita gutsattsarin ishara marasa ma'ana, a daidai watannin da takwarorinsu masu ji suke gwaranci da baki, abin da ke nuna cewa baiwar da Allah Ya ajiye cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam baiwar harshe ce, kowace ƙofa kuwa ta samu a buɗe ta nan take fitowa. Ko yaro mai ji ma da hannu yake farawa: yana miƙa hannuwa a ɗauke shi, yana nuna kofi da yatsa, tun kafin ya ce mama. Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow sun gano a 2005 cewa yaron da ya riga haɗa kalma ɗaya da nuni shi ne yakan riga haɗa kalmomi biyu.

Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa masu cewa ishara tana gaggauta buɗe baki su ma sun wuce gona da iri. Linda Acredolo da Susan Goodwyn sun ba da rahoto a 2000, bayan bin jarirai 103, cewa waɗanda aka koya wa ishara sun ɗan tsere wa sauran a magana, daga nan fa kasuwa ta bunƙasa a Amurka da Ingila, ana sayar wa iyaye littattafai da darussa da alkawarin ɗa mai fasaha. Da Elizabeth Kirk da abokan aikinta suka sake gwadawa a Ingila da jarirai 40, daga wata 8 zuwa wata 20, sakamakon da suka fitar a 2013 bai nuna fifikon magana ba, bai kuma nuna jinkiri ba. Ribar da aka gani ita ce iyaye mata sun ƙara lura da abin da jariransu ke nufi. Riba ce, amma ba wadda aka biya kuɗi dominta ba.

Inda mas'alar take da nauyi na haƙiƙa shi ne wajen yaro kurma. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, a ƙasashenmu kuma sanƙarau da ƙyanda suna toshe kunnuwan yara da dama da aka haifa suna ji. Irin wannan yaro, idan aka zauna jiran ranar da zai yi magana, ana yawo da shi daga mai magani zuwa mai magani, ana kwaɓar hannunsa duk lokacin da ya ɗaga, sai shekarunsa na farko su wuce ba shi da harshe kowane iri, alhali binciken Rachel Mayberry ya nuna cewa wanda ya makara wajen samun harshensa na fari yakan ɗauki tabon wannan makara har girma, ko da a isharar ce kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne akwai saɓani tsakanin masana game da yaran da aka dasa wa na'urar ji ta hanyar tiyata, wasu na ganin ishara ba ta rage musu komai, wasu na ganin akasin haka, sai dai wannan muhawara ta masu hali ce, ba ta shafi yawancin gidajenmu ba.

Ba mu kuma da uzurin rashin abin koyarwa. Kuramen Kano suna da maganar hannu tasu ta gado, wadda Constanze Schmaling ta yi wa littafi a 2000, makarantar kurame ta Tudun Maliki kuma tana aiki tun 1977, ko da yake makarantun kurame na Nijeriya sun fi karkata ga isharar Amurka wadda Andrew Foster ya shigo da ita Ibadan a 1960, kuma yaro ba ya isa makaranta sai bayan shekarun da muke kuka a kansu sun shuɗe. Hukuncin da hujjoji suka bayar ke nan: ishara ga yaro mai ji halas ce wadda ba ta cutarwa, wanda ya bari bai yi asara ba, ga yaro kurma kuwa wajibi ce a kan iyayensa da 'yan gidansu, daga ranar da aka tabbatar ba ya ji.