Famfon Iska: Injin da Ya Shayar da Gonakin Amurka

Maƙalarmu ta wannan mako a kan wani abu ce da muka sha gani a finafinan kaboyi: doguwar hasumiya a gefen gona, da fanka tana juyawa a kanta. Famfon iska ke nan, wanda da shi manoma da makiyaya suka iya zama a filayen tsakiyar Amurka.

Yankin ba ya samun ruwan sama sosai, koguna kuma sun yi nisa. Ruwa yana can ƙarƙashin ƙasa, iska kuwa kusan kullum tana kaɗawa. Injinan iska irin na Turai manya ne, kuma sai da mai tsaronsu, don kada guguwa ta ɓarke su. A 1854 wani makaniki a jihar Connecticut, Daniel Halladay, ya ƙera wanda yake kula da kansa: jelarsa tana juya shi ya fuskanci iska, in ta yi ƙarfi kuma fikafikansa su kauce mata. Manomi ya tafi sha'aninsa, famfo na cika masa kwarmin shayar da dabbobi. Kamfanonin jirgin ƙasa ma suka saya, domin jiragen lokacin da tururi suke tafiya. A 1888 kamfanin Aermotor na Chicago ya fito da mai fikafikan ƙarfe, wanda ya fi na katako jawo ruwa.

Bayan ruwa sai wuta. A shekarun 1920 wasu 'yan'uwa biyu a Montana, Marcellus da Joe Jacobs, suka lura cewa fankar famfo mai fikafikai da yawa tana da ƙarfi amma ba ta da gudun da janareta ke so. Suka koma fikafikai uku siraru, suna cajin batura. Da wannan gidajen karkara suka kunna fitilu da rediyo, a zamanin da gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wutar layi.

A 1935 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar kai lantarki karkara. Kafin shekara ashirin turakun wuta sun isa yawancin gonaki, aka sauke injinan iska da lafiyarsu, kamfanin Jacobs ya daina ƙerawa a shekarun 1950. Da man fetur ya yi tsada a 1973, mutane suka riƙa bin gonaki suna neman tsofaffin injinan suna gyarawa.

Yau sola ta karɓe aikin jawo ruwa a gonaki da yawa, amma buƙatar da ta haifi injin tana nan duk inda layi bai kai ba. A Malawi, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14, bayan yunwa ta raba shi da makaranta, ya haɗa nasa da tarkacen keke da bututun roba, daga abin da ya karanta a laburare, ya kunna fitila a gidansu.

Mu da muke neman abin rubutawa, ga shi tarihin yanki guda ya fito daga kayan aiki ɗaya. Rijiya, guga da injin ban-ruwa na ƙauyukanmu suna jiran mai binciken nasu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.