Wasan Aji-Aji: Daga Ina Muka Gaje Shi?

 Da aka nemi in yi rubutu a kan tarihin makarantarmu, sai na ga gine-gine da sunayen shugabanni duk suna cikin fayil, mai bukata zai same su. Abin da babu shi a fayil ko ɗaya shi ne gasar wasan kwaikwayo ta aji-aji, wadda muke yi a ɗakin cin abinci a daren Asabar ɗin ƙarshen zango. Shi ya sa na zaɓe ta.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka boko ne ya kawo mana wannan wasa. Gaskiya ne boko ya kawo rubuta shi a takarda. A shekarun 1930 Dokta Rupert East ya fitar da littafin wasannin Hausa guda shida domin makarantu, kuma a wajajen wannan lokaci ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yarda aka buɗe ajin 'yan mata a cikin gidansa. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni masu zolayar azzalumai da macuta. Sa'an nan Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito a 1949, Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979. Waɗannan biyu na ƙarshe mun karanta su a aji, har wasu sun haddace.

Amma fa kwaikwayo kansa ya girmi boko nesa ba kusa ba. A fadojin ƙasar Hausa akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki kan yi shigar sarki da fadawansa, su kwaikwayi zaman fada, sarkin kuma yana kallo, ya ga halinsa a jikin wata. A ƙauyuka akwai kalankuwa bayan kaka, inda samari kan naɗa wa junansu muƙamai. Ga kuma tashe, wanda ake farawa da goma ga watan azumi. Wace ce a cikinmu, mu 'yan Batsari da Ruma da Safana da Runka, ba ta yi Mairama da Daudu a ƙofar gidan maƙwabta ba? Ashe tun kafin mu ɗauki biro mun san yadda ake ɗaura rawani da zanen uwa, a yi gemu da auduga, a faɗa wa babba gaskiya cikin raha ba tare da an sha duka ba. Wannan gadon muka shigo da shi makaranta cikin akwatunanmu, tare da ƙanzo da ƙuli-ƙuli.

A zamaninmu, watau daga 2002 zuwa 2008, dokokin gasar uku ne. Na farko, 'yan aji su za su rubuta wasansu da kansu, ba a ɗauko daga littafi. Na biyu, kada ya wuce minti ashirin. Na uku, ba a ambaton sunan kowa. Wannan doka ta uku ita ce gishirin abin, domin ita ta koya mana habaici. Yarinya za ta fito ta saɓa mayafi yadda wata malama ke saɓawa, ta yi gyaran murya sau biyu, ɗaki ya kaure da dariya, alhali ba ta kira sunan kowa ba. Malamar kuwa tana zaune a layin gaba, dole ita ma ta murmusa. Alƙalai malamai uku ne, kyautar kuma ba ta wuce kwalin sabulu da littattafan rubutu ba, amma ajin da ya ci sai ya yi zango guda yana taƙama.

Gasar ba ita kaɗai take tafiya ba, tana jingine da al'adar uwar ɗaki da 'yar ɗaki. Kowace sabuwar ɗaliba takan sami babba wadda za ta riƙe ta, ta adana mata kuɗin kashewa, ta yi mata kitso, ita kuma ƙaramar ta ɗebo mata ruwa. To, idan gasa ta matso, uwar ɗaki ce ke ara wa 'yar ɗakinta zane da sarƙa, ko da ajinsu ne za su kara. Ta nan ne kuma dabarun wasa ke gangarowa daga manya zuwa ƙanana. Ni uwar ɗakina, wata 'yar Ruma, ita ta koya mini cewa idan kina so mutane su yi kuka a ƙarshe, ki fara ba su dariya.

Me muke rubutawa? 'Yan aji ɗaya da biyu ba su wuce gabza da miyar da ake iya ganin ƙasan kwano ta cikinta, da firifet mai son mulki. Manya kuwa sukan taɓo abin da ke ci musu rai. Muna aji biyar, a 2007, aka dawo hutu babu ɗaya daga cikinmu, wadda ta fi kowa lissafi. An yi mata aure. Muka zauna dare huɗu da fitilar ƙwai muka rubuta wasa a kan wani uba da ya je asibiti da matarsa tana naƙuda, yana ta faɗa shi lalle sai mace ce za ta duba ta, sai aka ce masa ai wadda za ta zama likitar ita ce ya cire daga aji biyar. An yi dariya da farko, domin mai yin uban ta iya tafiyar dattawa. Da aka zo ƙarshe ɗakin ya yi tsit. Ba mu ci gasar ba, aji shida suka ci. Ƙawarmu ma ba ta dawo ba. Amma shugabar makaranta ta sa muka maimaita wasan ranar ziyara a gaban iyaye, kuma na ga wani dattijo ya sunkuyar da kai har aka gama. Ranar na gane cewa abin da muke yi ba wasa ba ne kawai.

Yau ina wannan al'ada? Kowa ya san halin da ƙasarmu ta bakin dajin Rugu ta shiga. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin Batsari. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnati ta rufe makarantun kwana, daga baya aka buɗe wasu. Iyaye da yawa suka zaɓi jeka-ka-dawo, kuma ba mai ganin laifinsu. Sai dai 'yar jeka-ka-dawo ba ta da daren Asabar, ba ta da uwar ɗaki. Sarƙar da ke miƙa wasan daga hannu zuwa hannu a nan ta tsinke.

Da zan yi wannan rubutu na je gida na buɗe tsohon akwatina ina neman littafin da muka rubuta wasan nan. Na tarar gara ta cinye shi, sai bango da shafi uku. Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu biyu. Duk wadda ke da littafin wasan ajinsu, ko take iya tuna shi, ta rubuto wa sakatariya, a tara a buga. Sa'an nan mu nemi izinin hukumar makaranta mu maido da gasar da rana tsaka, mu ɗauki nauyin kyautar, kowace tsohuwar ɗaliba ta zama uwar ɗakin aji guda. Ƙannenmu na yau sun fi mu abin faɗa, wuri kawai suka rasa.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.