Daga Lanlate zuwa bayan babur: yadda dish ya ƙanƙance

Duk wanda ya tashi a Katsina zai iya tuna lokacin da dish yake alamar arziki. Sai ka zaga GRA ko gidan wani babban attajiri kafin ka ga irin katafaren nan mai raga-raga, an kafa shi a ƙasa da siminti. Yau kuwa ɗan acaɓa zai wuce ka a Ƙofar Ƙaura da dish ɗaure a bayan babur. Mai shayin da ke bin kasuwar Charanci da ta Mai'aduwa, da ma'aikatan hanya, da makiyayi a ruga, kowa zai iya kafa nasa yau ya cire gobe. Me ya faru a tsakani?

Labarin ya faro a 1945, lokacin da wani Bature ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya yi rubutu a mujallar Wireless World. Ya nuna cewa idan aka ɗora tauraron ɗan'adam a nisan kilomita kusan 36,000 daidai saman layin da ya raba duniya biyu, zai riƙa zagaya duniya sau ɗaya a yini, daidai da juyawarta. Ka ga kenan ga mutumin da ke ƙasa kamar tauraron yana tsaye ne cak. Shi ya sa ake saita dish sau ɗaya a ɗaure noti a bar shi. A 1964 Amurka ta harba Syncom 3 zuwa wannan falaki, kuma da shi aka haska wasannin Olamfik na Tokyo zuwa Amurka.

Sai dai taurarin farko ba su da ƙarfi. Early Bird na 1965 nauyinsa bai kai kilo 40 ba, siginarsa kuma tana isowa ƙasa a galabaice. Dole a tare ta da ƙaton faranti. Najeriya ta buɗe tasharta ta farko a Lanlate, cikin jihar Oyo ta yanzu, a 1971. Farantan irin waɗannan tashoshi faɗinsu kan kai mita 30, wato kusan ninki biyu na tsayin hasumiyar Gobarau. Wannan kayan gwamnati ne. Mutanen gari kuwa eriya suke ɗaurawa a kan doguwar gora suna kama tashar ƙasa, tun daga gidan talabijin na Kaduna da aka buɗe a 1962 har zuwa kafa NTA a 1977.

Manyan dish na gidajen attajirai suna aiki ne da zangon da ake kira C, wajen gigahaz 4, inda tsawon igiyar siginar ya kai santimita 7.5. Daga baya aka koma zangon Ku, wajen gigahaz 12, mai igiya santimita 2.5 kacal. Da yake igiyar ta ragu sau uku, faranti mai kashi ɗaya cikin uku na faɗin tsohon zai tattara ta daidai gwargwado. Taurarin ma suka ƙara ƙarfi, suka koma haska yanki guda maimakon rabin duniya. Astra 1A da aka harba a 1988 shi ya cika Turai da dish mai santimita 60. A nan gida, dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. DStv ya fara a 1995, Masar ta harba Nilesat a 1998, tashar Arewa24 ta zo a 2014. Da sola da batir suka yi araha, sai dish ya daina jiran wutar NEPA, ya shiga hanya.

To amma ƙanƙancewar nan tana da farashi, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi. Zangon Ku ba ya shiri da ruwan sama, domin ɗigon ruwa yana shanye gajeriyar igiya. Shi ya sa a watan Agusta, hadari na haɗowa, gidan kallon ƙwallo yake ɗaukewa ana tsakiyar wasa. Ƙaramin faranti ba shi da rarar sigina, shi ke fara ɗaukewa. Sannan kowane tauraro da yankin da yake haskawa. Nilesat an nufe shi ne da ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka, mu a gefe muke, don haka farantin da ya wadatar a Alƙahira ba lallai ya wadatar a nan ba. Kafin ka sayi dish na tafiya, fara sanin tashoshin da kake so da tauraron da ke ɗauke da su, sannan ka zaɓi girma. Mai santimita 90 ya fi mai 60 nauyin ɗauka, amma yana tara sigina fiye da ninki biyu.

Wajen saitawa kuma, kada ka bi bidiyon Turawan da ke yawo da gida mai taya. A Landan dish kan kalli sama da digiri 25 ne kawai. Katsina tana digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, taurarin suna kusan bisa kanmu. Tauraron da ke digiri 36 gabas, wanda DStv ke amfani da shi, yana sama da wajen digiri 54. Idan ka fuskanci alƙibla, ka karkata dama da wajen digiri 40, ka kusa da shi. Nilesat kuwa yana kudu maso yamma, digiri 67 sama. Yawancin ƙananan dish suna hango sama da inda fuskarsu ta nufa da digiri ashirin da wani abu, don haka bi lambobin da ke jikin ƙarfen baya, kada ka auna da ido.

Abu uku ake juyawa: hagu da dama, sama da ƙasa, sai murɗa LNB ɗin da ke gaban farantin. Fara tabbatar da sandar ta miƙe sosai, ka danne ƙafafunta da buhun yashi saboda iskar hunturu, kuma kada reshen darbejiya ya tare gabanta. Motsa a hankali, domin dish mai santimita 60 digiri 3 kawai yake gani. A allon dikoda, layin inganci za ka zuba wa ido, shi ke nuna ka kama tauraron da kake nema. In ka samu, sa alama da fenti a jikin ƙarfen. Daga Katsina zuwa Daura ko Jibiya bambancin bai wuce digiri ɗaya ba, ɗan taɓawa kaɗan zai dawo maka da hoto.