Daga Game Boy zuwa kwamfutar aljihu

Jama'a, wasan nan da matasanmu ke bugawa a tafin hannu ba yau ya fara ba. A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy. Allonsa ba kala, amma batir 4 na kai shi awa 15. Sega ya biyo da Game Gear mai kala, mai lashe batir 6 cikin kamar awa 4, shi ko bai yi kasuwar Game Boy ba.

A 2016 GPD Win ta fito daga Shenzhen ta ƙasar Sin, cikakkiyar kwamfuta mai Windows da ke shiga aljihu. Sai Steam Deck a 2022, wadda wasa mai nauyi kan shanye cajinta cikin awa 2. To, mu da ake ɗauke wa wuta lokacin zafi, kafin mu tambayi kuɗinta sai mun ji awa nawa take yi.