Takobi da Sasari a Bakin Ƙofar Mulki: Abin da Tarihin Katsinar Laka Ya Nuna

A siyasar wasu ƙasashen Turai da Amurka, mutumin da ya yi aikin soja, musamman idan abokan gaba sun taɓa kama shi a fagen fama suka tsare, yakan shiga takara da jarin da abokan hamayyarsa ba su da shi, domin jama'a na ɗaukar wahalar da ya sha a matsayin shaidar kishin ƙasa. John McCain, wanda aka harbo jirginsa a Biyetnam a 1967 kuma bai sami 'yanci ba sai a 1973, ya gina doguwar rayuwar siyasa a kan wannan tushe, ko da yake bai hana shi shan kaye a zaɓen shugaban ƙasa na 2008 ba. A yankin da ya ƙunshi Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, wanda a da ake kira Katsinar Laka kuma yake gefen yamma na tsohuwar daular Katsina, an daɗe ana auna dangantakar yaƙi da mulki, amma da wani ma'auni dabam, wanda a cikinsa jarumta sharaɗi ɗaya ce daga cikin sharuɗɗa masu yawa, kamu a fagen yaƙi kuwa ya fi kusa da zama dalilin rasa rawani fiye da dalilin samunsa.

Manyan sarautun wannan yanki da ake gani a yau sun sami siffarsu ne a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804. 'Yandoto, wadda take kusa da Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai ce da ta yi suna tun kafin jihadi, kuma da yawa daga cikin malamanta ba su amince da kiran Shehu ba, abin da ya sa ɗansa Muhammadu Bello ya yaƙe ta wajajen 1806. A bayan wannan ne Malam Sambo Ɗan Ashafa, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, ya tabbata a matsayin jagoran jama'a a yankin, ya kafa Gusau, zuriyarsa kuma suka riƙe sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Abin lura shi ne laƙabin da ke gaban sunansa, wato malam, domin a tsarin da jihadi ya shimfiɗa ana ba mutum jagoranci ne saboda iliminsa da amincewar Shehu da kuma jama'ar da ke bayansa, yaƙi kuma ya biyo baya a matsayin nauyin da jagorancin ya ɗora masa. Gusau ta rayu a matsayin ribaɗi, wato garin kan iyaka da ake zaunar da mayaƙa domin tsaron daula, kuma hare-haren Gobirawa da Katsinawan Maraɗi sun tsananta har sai da aka bar garin na wani lokaci aka koma Rawayya. A irin wannan wuri sarkin da ba ya iya hawa doki ba zai daɗe ba, amma duk da haka gado ya tsaya a gida ɗaya, bai riƙa bin duk wanda ya fi ƙarfin dantse ba.

Wannan bambanci ya fi fitowa fili a tsarin sarautun yaƙi na ƙasar Hausa baki ɗaya. Ƙaura a Katsina da Maraɗi shi ne shugaban mayaƙa, yana da dawakai da barori da faɗa a ji, amma sarautarsa dabam take da gadon sarki. A Kano, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya farfaɗo da sarautun bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda aka damƙa wa makamai da sirrin fada daidai saboda ba su da haƙƙin neman gadon. A nan ne ma'anar kamu take bayyana, domin a ƙarni na 19 wanda aka ribato a yaƙi yakan zama bawa ne idan danginsa ba su fanshe shi ba, kuma ko da basirarsa ta kai shi kusa da sarki har ya fi 'ya'yan sarki iko, ƙofar sarautar kanta a rufe take gare shi.

Littattafan fiƙihun da malaman jihadi suka karanta ma ba su bar batun a duhu ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya jera sharuɗɗa bakwai na shugaban al'umma a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, inda jarumtar da za ta sa shugaba ya kare ƙasa ta zo tare da adalci da ilimi da lafiyar gaɓɓai da kaifin ra'ayi wajen tafiyar da al'amuran talakawa. Game da kamu kuwa hukuncinsa a bayyane yake: ba a ƙulla wa mutum shugabanci alhali yana hannun abokan gaba, idan kuma an kama shi bayan an naɗa shi, wajibi ne al'umma ta yi ƙoƙarin kuɓutar da shi, yana nan a matsayinsa muddin ana sa ran fitowarsa, in an yanke ƙauna kuwa sai a zaɓi wani. Hujjar wannan hukunci ba ta shafi ƙima ko mutuncin kamammen ba, ta shafi iya aiki ne kawai, domin shugabanci hidima ce da ake bukatar a gudanar yau da gobe, ba lada ba ce da ake biyan mutum da ita saboda wuyar da ya sha.

Babban misalin wannan ya faru ne a ƙasar Bunguɗu ta yau. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarkin Kano Alu, wanda ya hau gado ta hanyar nasara a yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 kuma ake yi masa laƙabi da Maisango, yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato da rundunarsa. Alu ya rabu da rundunar ya nufi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, Turawa suka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926 ba tare da ya sake ganin fadarsa ba. Ɗan'uwansa Waziri Ahmadu ya ja wani sashe na mayaƙan, suka yi karo da wata 'yar ƙaramar rundunar Turawa a kusa da Kwatarkwashi a ƙarshen watan na Fabrairu, ya yi ta kai hari da dawakai a kan bindigogi har aka kashe shi. Wani ɗan'uwan nasu, Wambai Abbas, kuwa ya tattara sauran jama'a ya koma da su Kano ya miƙa wuya, kuma shi ne Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya naɗa sarki, ya riƙe gadon har 1919. Cikin 'yan'uwan nan uku, gwanin yaƙi ya ƙare a tsare, wanda ya fi nuna jarumta a ranar ya kwanta dama, mulki kuma ya faɗa hannun wanda ya iya lissafin abin da zai yiwu. Wani abin ban sha'awa shi ne jami'in da ya jagoranci Turawa a wannan karo, Laftanar Wallace Wright, wanda ke da sojoji arba'in da 'yan kai, ya sami lambar jarumta mafi girma ta Ingila saboda Kwatarkwashi, daga baya kuma ya zama ɗan majalisar dokokin ƙasarsa daga 1928 zuwa 1931. Fage ɗaya ya zama tsani ga Bature, ya zama kabari ga Bakano.

Zamanin mulkin mallaka ya ƙara nisanta soja da rawani, domin tsarin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka mulki talakawa ta hannunta, ya dogara ne ga gidajen sarauta da kuma 'yan bokon da suka fito daga cikinsu. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Boma a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a yaƙin duniya na biyu, amma da suka dawo, abin da akasarinsu suka samu shi ne aikin ɗan doka ko dogari ko masinja ko gadi, kuma a idon masu sarauta aikin soja sana'ar talaka ce. A daidai wannan lokaci ne Gusau ta ga wani nau'in tsarewa da ya zama jarin siyasa. A 1938 aka naɗa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, sarautar da asalinta ta yaƙi ce ko da yake shi malamin makaranta ne da ya zama hakimi, aka kuma turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin masarautar. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, wato harajin shanu, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukuncin ɗauri, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Shari'ar ta ɗaga sunansa a tsakanin matasan 'yan boko na Arewa, waɗanda suka ɗauke ta a matsayin makirci, kuma shekara goma sha ɗaya bayan haka ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Abin da ya amfane shi ba ɗaurin ba ne, imanin jama'a ne cewa an zalunce shi, kuma wannan ne sigar da tsarewa ta ci gaba da ɗauka a siyasar Nijeriya: Muhammadu Buhari ya zauna a tsare daga 1985 zuwa 1988, Olusegun Obasanjo daga 1995 zuwa 1998, dukansu a hannun 'yan'uwansu sojoji ba abokan gaba na waje ba, kuma dukansu sun ci zaɓen shugaban ƙasa daga baya.

Juyin mulkin 1966 ya kawo zamanin da kaki da kansa ya zama takardar shiga gidan gwamnati, kuma jihar Zamfara ma soja ne ya ƙirƙiro ta, wato Janar Sani Abacha, ranar 1 ga Oktoba 1996, ya tura Kanar Jibril Bala Yakubu zuwa Gusau a matsayin kantoma. Sai dai tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, daga Ahmad Sani Yariman Bakura zuwa Mahmud Aliyu Shinkafi da Abdul'aziz Yari da Bello Matawalle da Dauda Lawal, babu tsohon soja ko ɗaya da ya zama gwamnan jihar, kuma tsarin mulkin 1999 bai ambaci aikin soja a cikin sharuɗɗan takara ba. Tarihin Janar Aliyu Muhammad Gusau ya fi kowane nuna iyakar abin da kaki ke iya saye. Ya yi yaƙin basasar Nijeriya, ya shugabanci sashen leƙen asirin soja, ya riƙe muƙamin babban hafsan sojan ƙasa na ɗan lokaci a 1993, ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro daga 1999 zuwa 2006, kuma da wuya a sami ɗan Nijeriyar da ya fi shi sanin cikin gwamnati a zamaninsa. Amma da ya nemi tikitin jam'iyyar PDP a Disamba 2006, ya sami ƙuri'u ƙasa da 300, yayin da Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon malamin kimiyya, ya sami sama da 3,000, kuma a 2010 dattawan Arewa da ke neman ɗan takara guda suka zaɓi Atiku Abubakar a maimakonsa. Shugabanni uku ko fiye sun nemi ƙwarewarsa, har ya zama ministan tsaro a 2014, amma wakilan jam'iyya sun auna shi da wani mudu, wanda ke ƙirga gwamnoni da kuɗi da magoya baya.

Inda masu jefa ƙuri'a na Zamfara suka yi imani da hujjar kaki shi ne a kan Buhari, wanda suka ba rinjaye a 2011 da 2015 da 2019, bisa fatan cewa janar ne zai iya maganin ɓarayin daji. A wa'adinsa na farko ministan tsaro ma ɗan jihar ne, Birgediya Janar Mansur Ɗan Ali mai ritaya daga Birnin Magaji, kuma a Yuli 2016 shugaban ya zo dajin Ɗansadau sanye da kayan soja ya ƙaddamar da farmakin da aka sa wa suna Harbin Kunama. Duk da haka, a waɗannan shekaru ne satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane da ƙona ƙauyuka da ɗora wa manoma haraji, saboda tushen rikicin yana cikin rabon gonaki da burtali da makiyaya, da lalacewar shari'a a ƙauye, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, da haƙar zinari, abubuwan da horon bariki bai tanadi maganinsu ba. A Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, a Satumbar wannan shekara kuma aka sace Sarkin Bunguɗu Alhaji Hassan Attahiru a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe kimanin wata guda a hannun 'yan bindiga kafin ya koma gadonsa, ba tare da wani ya ce kamun ya ƙara masa cancanta ko ya rage ba.

A Yuli 2022 kuwa, a ƙaramar hukumar Tsafe, Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru, ɗan bindigar nan wanda hukumomin tsaro ke nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani, bisa hujjar cewa mai riƙe da makamai shi ne zai iya ba manoma damar zuwa gona. Ɗan bindiga ba soja ba ne, kuma kwatanta su zalunci ne ga wanda ya yi rantsuwar kare ƙasa, amma hujjar da aka kafa a wannan naɗi ita ce tsohuwar hujjar nan cewa ƙarfin makami yana haifar da haƙƙin sarauta, sai dai a wannan karo ta fito ba riga ba hula. Ƙorafin da ya biyo baya daga ciki da wajen jihar ya sa gwamnatin Matawalle ta dakatar da sarkin cikin 'yan kwanaki ta kafa kwamitin bincike, daga baya kuma aka mayar da shi kan kujerarsa.